Faya-fayen da Yayana Ya Rataye a Gona

Ƙarar bugun shinkafa a jikin duro nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar. Dum, dum, sai zubar ƙwaya a kan tamfol kamar yayyafi. A gonarmu ne ta bakin kanal, wajen Talata Mafara, inda ruwan dam ɗin Bakolori ke zuwa in ya ga dama.

Wannan ƙarar yayana ya ɗauka da 'yar rikodarsa, ya kai situdiyo a Gusau, ya ɗora waƙoƙinsa na hip-hop a kanta, ya fitar da faifan CD. Ya yi waƙar kanal da ciyawa ta toshe, ya yi ta gonar kakarmu ta wajen Maradun da ke kwance ƙarƙashin ruwan dam. Direbobin Bakura har sun fara sa faifan a mota. Ni ce na matsa masa ya aika wa wata mujalla a Kaduna. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina rubuta waƙoƙina a ɓoye, kuma duk abin da na gani an buga a takarda ina ɗaukarsa kamar hukuncin alƙali.

Ranar nan na kai wa Yaya da masu bugun shinkafa abinci gona, mujallar da sharhin faifan ya fito a ciki na cikin mayafina. Ko buɗe ta ban yi ba, don mu ji tare.

"Malama, karanta muna," in ji Yaya, yana karkaɗe ƙaiƙayi daga wuyansa. "Da ƙarhi, masu bugu su san da wa suka aiki."

Na karanta. Mai sharhin ya ce hip-hop abin 'yan birni ne, kuma wanda ya ɗauki hoton bangon faifansa da takalmin roba cikin laka gara ya koma ga fartanyarsa. Ya ce kiɗan aro ne, babu sabon abu a ciki.

"To ai ga shi nan, ba shi da nisan komawa," in ji wani dattijo cikin masu bugun. Aka yi dariya. Yaya ma ya yi.

Da muka keɓe gindin mangwaro ya ce, "Ke mi kig gani?"

Na san kiɗan ba na aro ba ne. Ga shi ana buga shi a gabana. Amma na ce, "Yaya, su fa aikinsu ke nan. Sun fi mu sani."

Ya dube ni, ya wanke hannu, ya koma aiki, tuwon ma bai taɓa ba.

Cikin satin ya bi masu sayar da kaset a kasuwa ya karɓe abinsa. Da noman rani ya zo, ya tsire faya-fayen a igiya, ya zagaye gonar da su don korar tsuntsaye. In rana ta faɗa kansu sai su yi ta walƙiya, ni kuwa in kau da kai. Bai sake rera waƙa ba, ko a bakin aiki. Yanzu takin zamani yake sayarwa, yana da 'ya'ya biyar, ba wanda ya san muryar babansa a waƙa.

Bayan shekaru masu yawa, a makarantar da nake koyarwa a Sakkwato, na zauna ofis ɗaya da wata baiwar Allah da ta taɓa yi wa mujallar nan aikin buga rubutu. A cikin hira ta ce mini mai sharhin nasu ba ya iya jimrin sauraron hip-hop. Hoton bango yake dubawa ya rubuta abinsa, sannan ya ba ta faya-fayen ta kai wa yara, ko ledarsu ba a yage ba.