Miyar Wake da Hantsin Alhamis

Lalla Mannana, mai sayar da miyar wake a bakin kasuwar Wazan, ba ta san mutumin nan ba, amma da ganinsa ta gane irinsa. Dogo ne, ya rame har jallabiyar ulu tana lilo a jikinsa. Ƙeyarsa duk tabon ƙaho ne, sabo a kan tsoho, leɓɓansa kuma ba sa daina motsi da zikiri. A ranta ta ce wannan yana cikin masu ɗaukar gyaran zuciya kamar yaƙi, kullum azumi, barci kaɗan, jiƙe-jiƙe iri-iri, iyali kuwa sai sanɗa suke yi a gida.

Yana tsaye yana kallon tururin tukunya, ga shi hantsin Alhamis. Can sai ya zauna a benci.

"Zuba mini, Hajiya. Har da man zaitun."

"Yau ba azumi, ɗana?"

"Jiya na zo ɗora 'yata a wuya, hannuna ya kasa ɗaga ta." Ya ɗan murmusa. "Wai ita ce ke ba ni haƙuri, ta yi mini nauyi. Ibada ba zan bari ba, amma Allah bai ce in mayar da ita marainiya ba."

Mannana ta tsiyaya masa mai har ya taru a saman miyar. Yana gutsurar burodi yana dangwalawa a hankali, kamar mai koyon ci, gumi na tsattsafo masa a goshi. Bai kai rabi ba ya ɗago kai.

"Hajiya, akwai barkono?"