Lamba Uku a Gefen Taya

Ina kwance a inuwar wata tsohuwar gingimari a tashar Gwandu, littafin soyayya a kan ƙirjina, sai idona ya faɗa kan wani ɗan zagaye mai siffar ƙwai a gefen tayar da ke dab da fuskata. A cikinsa akwai lambobi uku ƙanana. Lokacin ina koyarwa a firamare, kuma duk ranar da babu makaranta a tasha nake wuni, domin a nan mai kawo littattafai daga Kano yake baza hajarsa.

Mai motar dattijo ne da ya daɗe yana tuƙi a wurin masu gina hanya. Da ya ga ina shafa lambobin da yatsa, sai ya tsuguna kusa da ni.

"Malam, haihuwarta ce kake shafawa," in ji shi. "Biyun farko sati ne, ta ƙarshe shekara. Waɗanda aka yi tun da muka shiga shekarun casa'in, za ka ga ɗan zane mai kusurwa uku a bayan lambar. In babu shi, tayar ta kwana biyu. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa taka kwalta ba, ta bushe ta ciki. Amma direbobinmu zurfin zane kawai suke dubawa."

Abin ya burge ni yadda sirrin cikin littafi yake burge ni. Na ajiye shi a raina, na yi ta ba mutane labari don a ce na sani.

Wanda ya fi kowa shan wannan labari shi ne taubashina, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya yi shekaru yana tuƙa motar wasu, har ya samu ya sayi tasa, tsohuwa mai bodin katako, don ɗaukar albasa daga wajen Dalijan da Maruda zuwa kudu. Ranar da ya kawo ta ƙofar gida, ya yi ta danna oda har kaji suka watse.

"Fito, bawana, ka ga abin da maza ka yi!" ya ce. "Kai kana nan kana kuka don wata ta cikin takarda ta ƙi wani."

"Wannan akwalar?" na ce. "Tari take yi kamar kakarmu."

Tayoyin gaba sun cinye, dole a sake su kafin kakar albasa. Ni na ce mu je Kalgo.

Ina da dalilina. Akwai yarinyar da nake zuwa zance wurinta a Kalgo, wadda na riga na ɗora mata duk kyawun da na taɓa karantawa. Ina rubuta mata wasiƙu masu hawaye da taurari, rabinsu kwafowa na yi. Mahaifinta ya rasu, yayanta ne mai ba da ita, shi kuwa tayoyi yake sayarwa a shagon da ke jikin gidansu, bakin titi. Bai taɓa sakar mini fuska ba. Na lissafa cewa in na kawo masa mai sayen tayar babbar mota har biyu, zai fara ganina da mutunci.

Muka isa da hantsi. Yayan ya mirgino tayoyi biyu baƙaƙe wuluk suna sheƙi, zanensu da zurfi, har 'yan gashin robar nan na sabuwar taya suna nan ba su karye ba.

"Ba su taɓa ganin ƙasa ba," in ji shi. "Daga sito suka fito."

Gaskiya ya faɗa. Taubashina ya cusa yatsa cikin zanen, yatsar ta nutse. Ya buga tayar da dunƙule, ya saurari amonta, ya yi murmushi. Sannan ya juyo gare ni.

"To, shehin malamin taya, zo ka yi aikinka. Ka ishe mu da haihuwa, haihuwa. Karanta muna, wagga yarinya ce ko tsohuwa?"

Na tsuguna. Na sami ɗan zagayen. Lambar ƙarshe bakwai ce, babu kusurwa uku a bayanta, mu kuwa muna tsakiyar shekarun casa'in. Tayar ta kai shekara takwas tana zaune a wani ɗaki mai zafi. Na duba ta biyun, haka take. Da na kawo ido kusa, na ga 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi a ƙarƙashin baƙin man da aka goga mata.

A daidai nan yarinyar ta fito daga zaure da kwanon ruwa, mayafinta ruwan ƙwai. Ta durƙusa ta ajiye, ta ɗago ido ta dube ni sau ɗaya. Yayanta kuma yana tsaye a kaina, hannu a ƙugu.

"Malam, mi ka gani?" ya ce, ba dariya a muryarsa.

Na ga yadda abin zai kasance in na buɗe baki: na zo ƙofar gidansu, a gabanta, na ce kayansa ruɓaɓɓu ne. Na kuma gaya wa kaina cewa wataƙila dattijon tasha zuzutawa ya yi, taya ai taya ce. Na miƙe na kakkaɓe gwiwa.

"Lafiya lau suke, Yaya. Sabbi ne."

"Ka ji!" in ji taubashina, ya daki kafaɗata. "Yau dai bokonka ya yi rana."

Ya biya, aka ɗaura wa motar tayoyin. A hanyar komawa yana waƙa yana dukan sitiyari. Ni kuwa ina tsara wasiƙar da zan rubuta mata a kan mayafi ruwan ƙwai.

Tayoyin sun yi tafiya uku lafiya, har na fara mantawa. A ta huɗu, cikin bazara, da tsakar rana, kwalta tana narkewa, motar cike da albasa, tayar gefen direba ta fashe kafin ya kai Jega. Sitiyari ya ƙwace masa, motar ta gangara ta kife. Da na isa wurin an riga an tafi da shi. Albasa ce warwatse ko'ina tana dahuwa a rana, kuma har yau in aka yanka ta kusa da ni sai in tashi in bar wurin. Ƙafarsa ta hagu ba ta gyaru ba, aka yanke ta daga gwiwa. Motar kuma 'yan gwangwan suka kwashe.

Mutane suka ce ƙaddara. Na fi kowa ɗaga murya wurin faɗar haka.

Yarinyar ba ta zama tawa ba. Ba a yi shekara ba ta aiko mini da wasiƙuna a ɗaure da zare, tare da saƙo cewa ita ma ta karanta littattafan da na kwafo su, ta fi son wanda zai yi mata magana da bakinsa. Ta auri wanda ta zaɓa. Yayanta ya ci gaba da amsa gaisuwata da ka, kamar da.

Taubashina da ya warke ya kafa rumfar faci a bakin tashar Gwandu. Wata rana na je gaishe shi, na ga wani yankin baƙar roba rataye da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar. Na matsa. Gefen taya ne, da ɗan zagayen nan, da bakwai ɗin nan. Ashe ya aika an tsinto masa. Wani direba ya tsaya a duba masa iska, sai na ji taubashina yana faɗa masa, yana nuna robar da kan sandar da yake dogarawa: biyun farko sati, ta ƙarshe shekara, ka nemi kusurwa uku. Ko dattijon tasha ne ya koya masa, ko kuwa tuna surutuna ya yi, ban tambaya ba.

Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Yana nan a rumfar har yanzu, gemu ya yi fari, kuma direbobi daga nesa suke kawo masa taya ya duba kafin su saya. In na wuce yakan gyara zama, ya sauke abin da ke hannunsa, ya ce, "Barka da zuwa, Malam. Ina iyali?" Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya yi mini addu'a. Tun daga ranar da na ga robar nan a ginshiƙi nake jiran ya sake ce mini bawansa, bai ce ba.