Wanzamin Gidan Yari Ya Ajiye Injinsa

Ƙarfe bakwai da rabi yake shiga ƙofar gidan yari, jakar magani a hannu ɗaya, injin aski a ɗayan. Ma'aikacin jinya ne na masu taɓin hankali, amma shekara ashirin da shida Wanzami kawai ake ce masa, har shugaban gidan. Ɗakinsa yana ƙarshen ɓangaren waɗanda aka ɗaure kan fyaɗe, inda gandirobobi ma ke jan ƙafa in an tura su. Kujera ɗaya ce a ciki, da tsagaggen madubi, da kabad ɗin magani mai kwaɗo biyu. Duk sabon da aka kawo, kafin a cika masa takarda, sai ya zauna an sauke masa suma.

Wani gandiroba ya faɗa mini ya taɓa tsokanarsa, "Malam, an ɗauke ka ba da magani, ka ɓuge da kwasar gashi?" Shi kuwa ya ce, "In na tambaye su ko sun taɓa buguwa a ka, a'a suke cewa. Fatar kai ba ta iya ƙarya."

Ni ƙanena ne ya kai ni wurinsa. Autanmu ne, ni na goya shi. Mutum ne da ko ƙawayena suka zo gida sai ya sunkuyar da kai ya fice. Ya faɗo daga saman gini yana aikin rufi, kwana tara bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo muka yi ta hamdala. Sannu a hankali baki ya lalace, fushi ba gaira ba dalili. Muka ce abokai ne, muka ce sammu ne. Bayan shekara biyu ya auka wa wata maƙwabciyarmu. Ba zan yi masa kwaskwarima ba, ya aikata, kuma har yau in na hango ta sai in canja hanya don kunya.

Ranar ziyarata ta farko Wanzami ya sa aka kira ni, ya nuna mini wani dogon tabo sama da goshin ƙanena wanda suma ta daɗe da rufewa. "Yaya, wannan fa?" Na ba shi labarin faɗuwar. Ya ce gaban ƙwaƙwalwa shi ne birkin mutum, in ya bugu wani sai ya kasa tsayar da kansa. Na ji sanyi a raina, na ce, "Ashe ba laifinsa ba ne."

Ya girgiza kai. "Kar ki ɗauka haka. Na aske ɗaruruwa a nan, da yawa kansu sumul, mugunta ce kawai. Masu irin tabon nan kuma suna nan cike da gari, ba su taɓa kowa ba. Ina nemansa ne don in san abin da zan yi wa magani, kada a sake samun wata matar."

Wanzami, kai ne ka yi ta sintiri ofis-ofis har aka kai ƙanena hoton ƙwaƙwalwa, likita ya rubuta magani. Kai ne ke tsayawa a kansa sai ka ga ya haɗiye. A kujerarka ya fara cewa, "Na cuce ta," maganar da alƙali bai samu daga bakinsa ba. Wanzami ba ka son jarfa, amma ka ga ta kowa ka rufe.

Yanzu saura wata uku a sako ƙanena, ni kuma ina da 'ya'ya mata biyu a gida. Na share ɗakinsa, na wanke zanen gado, ina kewarsa kamar in yi yaya. Makon jiya, ranar aikin Wanzami ta ƙarshe, na tambaye shi ko in dawo da shi wurina. So nake ya ce mini autan da na goya yana nan tafe.

"Ba gidanki ba, Yaya. Ya samu sauƙi, bai warke ba."

Ashe tuni ya yi magana da kawunmu, wanda ke zaune shi kaɗai kusa da asibiti. Na yi kuka har na ji haushinsa. Ya bar ni na gama, sannan ya naɗe igiyar injin ya miƙo mini. "Duk sati biyu ki je ki yi masa aski da hannunki. In ya zauna, zai yi magana. Ranar da ya ƙi zama, kar ki jira gobe, ki kai shi wurin likita."

Mun gode, Malam. Allah Ya huta gajiya, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku masu shigowa aikin nan, ku koyi duba kan mutum kafin takardarsa, ku kuma koyi faɗa wa danginsa gaskiyar da ba sa son ji.

Na fara koyon askin a kan maigidana, ya ce ko kaza ba za ta yarda da ni ba. Jiya na ninke zanen gadon nan na aika gidan kawu.