Kwanon Kopto a Lambun Metir

Jiya a unguwar Bukoki ƙanshin kopto, kwaɗon zogalen nan, ya tuna mini da marigayi Metir. Haka muke kiransa, da laƙabin lauyoyi na Faransanci, tun yana lauya har ya zama shugaban jam'iyya. Shi ya tsaya mini gaban alƙali da aka so ƙwace filin da nake sayar da motoci.

Gab da zaɓe na same shi a lambunsa na Saga, yana cin kopto da hannu. Ina tsoron zumuncinmu ya yanke, amma na ce, "Baba Metir, bana ba ku zan zaɓa ba."

Ya turo mini kwanon. "Filinka na kare, Alhaji, ban sayi ƙuri'arka ba. Wanke hannu, yau ya ji ƙuli."

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sassauta masa ranar da babu lauya.