Ajiyar Sista

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma fa ba tatsuniya ba ce, mai labarin tana nan da ranta.

Nas ce a ɗakin tsofaffi, can ƙarshen barandar asibiti. Sista muke ce mata. Kullum da safe takan jawo kujera kusa da taga, ta rage fanka, ta ba tsoho kalmomi uku ya riƙe mata. Sai ta ja shi da hirar jikoki, can ta ce, "Baba, ina ajiyata?"

Da ni aka kai mijin yayata, tela ne. Ya daina magana, ya daina ci, 'ya'yansa sun ce ya ruɗe, za su karɓe makullin shago.

Da Sista ta nemi ajiyarta, ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Ƙyale ni."

Sista ta ce, "Kalmar farko abin sawa ne."

"Hula," ya ce, ko kai bai ɗaga ba. Sauran ma suka biyo.

Yaya ta kwashe da dariya. "Kin gani? Taurin kai ne! Ranar aurenmu ma sai da aka tuna masa." Muka dara. Ba a jima ba ta sake faɗa kamar sabuwar magana. Ta kuma sakewa.

Sista ta ce, "Mama, ke ma ga ajiya, kada Baba ya fi ki." Da lokacin tambaya ya yi, Yaya ta ce, "Wace ajiya kuma?" Aka yi mata nuni, ko ɗaya ba ta dawo ba.

Nan tela ya fashe da kuka. Ashe ya daɗe da gani. Shi yake bi yana kashe murhun da ta bari, yana ɓoye wa yara, baƙin cikin ya cinye shi. Kaico.

Sista, mai kunnen haƙuri, ke ce kika nuna mana cewa sau da yawa mai ciwon damuwa ajiyarsa na nan, nemanta ne ya yi masa nauyi. Mai ciwon mantuwa kuwa ajiyar ba ta ma zauna masa ba. Ke kika tura su wurin likita, kowa da nasa ciwon. Allah ya saka miki. 'Yan baya, ku koyi zaman nan nata, ku daina saurin cewa tsoho ya ruɗe.

Tela ya sha magani, ya koma kan kekensa, makulli na aljihunsa. Yaya yanzu da sunan mahaifiyarmu take kirana. Sista ta yi ritaya watan jiya, har yau ba a kawo wata nas ɗakin ba.