Ƙugiyar da Ta Ƙi Kamawa

Motar da na saya a Maraɗi tsohuwa ce, irin waɗanda ake shigo da su ta Kwatano bayan Turawa sun gama more su. A ƙarƙashin bayanta akwai wani ramin ƙarfe da ban san amfaninsa ba, sai ranar da makanikena na Tasawa ya leƙa ya ce mani wurin sa ƙugiyar jan kaya ne. Ita ƙugiyar, wadda suke ce ma kuroshe, ashe tana nannaɗe cikin tsumma kusa da tayar ko-ta-kwana. Lanƙwasasshen ƙarfe ne mai nauyi, kansa dunƙule kamar ƙwallon goruba, da abin murɗawa a gefe. Ya nuna mani yadda ake yi: a murɗa, a tura sama cikin ramin har a ji ƙas, jan layin da ke jikinta ya koma kore. In an gama aiki a zare a ajiye. Na gwada a gabansa ta kama, na mayar da ita cikin tsumman.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, inda ake ce wa malami Mushe, Inna kuwa tana ƙauyenmu, can gaba da Urafane, ita kaɗai a gida. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, yayana yana Agadas wurin nema, yayata tana aure a Sarkin Hausa. Idanun Inna sun yi ta dusashewa har likita ya ce babu sauran abin yi. Na sha roƙonta ta dawo wurina tana ƙi. Sai da ta sa hannu cikin garwashi tana laluben ludayi, sannan ta aiko a ce mani in zo bayan kaka. Amma da sharaɗi: ba ta zuwa gidan matar ɗanta hannu rabbana. Gadonta na ƙarfe, turminta, randarta, akwatinta, hatsinta da wakenta, duk da su za ta taho.

Akwai wani ɗan kasuwa a ƙauyen mai ƴar rimok, wato ƙaramin akwatin kaya mai taya biyu da mota ke ja. Tun da motarsa ta mutu take jingine a bayan gidansa. Ya ce in ɗauka. Na ji daɗi, na ce ga ranar ƙugiyata ta zo. Ban sa ta tun daga Tasawa ba, don makanike ya gargaɗe ni cewa a hanyar rairayi za ta riƙa kartar ƙasa.

Da hantsi na isa. Na tarar an turo rimok ɗin ƙofar gida, an loda kaya an ɗaure tam da igiya. Inna tana zaune kan tabarma a gindin aduwa, sanye da zanenta na Sallah. Tun jiya aka riƙe mata hannu ta bi gida gida tana neman gafara. Ta raba kajinta, ta zubar da tokar murhu.

"Auta, kai ne?" ta ce da ta ji an kashe mota.

"Ni ne, Inna. Ƙarfe ɗaya zan sa mu kama hanya."

Na shimfiɗa buhu, na kwanta rigingine, na murɗa, na tura. Ta shiga rabi ta tsaya. Na zare na sake. Layin nan ja wur, kamar yadda yake. Na ce ƙila rairayi ne ya cika ramin. Na sa yatsa na ƙwaƙule, na hura, ƙasa ta zubo mani a ido. Aka kawo kananzir na wanke, wata maƙwabciya ta miƙo man gyaɗa a murfin kwano na shafa. Na tura da hannu biyu iya ƙarfina. Da na saki, sai ta sulmiyo ta faɗo mani a ƙirji.

Maza suka fara taruwa. Mai facin babur ya kwanta ya gwada. Maƙerin gari ya zo da guduma ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, a hankali da fari, daga baya da ƙarfi, har na riƙe mashi hannu. Kowa ya kwanta sai ya taso yana karkaɗe riga, ya ce, "Abin nan kamar zai shiga." Na hau tudun bayan gari inda ake samun rezo, wato layin waya, na kira makanike. Muryarsa tana zuwa tana ɗaukewa.

"Mushe, ka bugi wani abu a hanya?"

Na tuna wani kututture da bayan motar ya daka a wani gangare.

"To, ramin ya lotse ke nan. Sai an kwance an gasa an miƙe. Nan kaɗai za a iya."

Na tsaya kan tudun da waya a hannu, ina hango motar da rimok ɗin, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba. Duk da abin da na ji, na sauko na sake kwanciya, don ban san me zan yi ba in ban kwanta ba. Rana ta take, inuwar aduwa ta gusa, aka ja tabarmar Inna. Daga ƙarƙashin motar ƙafafunta kawai nake gani, da takalman da ba ta cire ba tun safe.

"Auta, ya kama?"

"Saura kaɗan, Inna."

Wani ya ce a ɗaure da igiyar rijiya, wani ya ce da waya. Muka ɗaure, na ja kaɗan, rimok ɗin ya karkace ya doki bayan motar, randa ta yi ƙara cikin kayan. Inna ta ɗago kai ta ce a tsaya. Na tuna gangaren da ke gabanmu, na kwance igiyar da kaina.

Bayan azahar na je na tsuguna gabanta na gaya mata gaskiya. Na ce ta ƙara kwana biyu in je a gyara in dawo, ko kuma mu tafi yau, ranar kasuwar Urafane in sa a kai kayan a amalanke, babbar mota ta kawo su Tasawa.

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Sannan ta ce, "Na riga na yi sallama da mutane. In na sake kwana cikin ɗakin nan, ba ni fita kuma. Ba ni kuma zama gidanka ina sauraren ƙarar mota ko kayana ne. A kwance su."

"Inna, ki yi haƙuri, kwana nawa ne..."

"Na ce a kwance."

Aka sauke su ɗaya ɗaya ana ajiyewa gabanta. Sai ta shafa abu ta gane shi, ta kira mai rabo. Turmin ta ba maƙwabciyar da ke yi mata daka. Randar ta ce a kai masallaci. Da aka zo kan gadon, wanda mahaifinmu ya sayo mata shekarar da aka haife ni, ta bi ƙarfensa da tafin hannu tun daga kai har ƙafa, ta ce a ba wata jikar ƙawarta da ta haihu kwanan nan tana kwana a ƙasa. Matan suna karɓa suna kuka, wasu suna cewa ajiya ce kawai za su riƙe mata. Ita ba ta yi kuka ba. Ni ina tsaye da baƙin mai har gwiwar hannu, ƙugiyar tana rataye a hannuna, na kasa ajiye ta. Duk abin da na buɗe baki zan faɗa, sai in ji na riga na faɗe shi ta ƙi.

Akwatinta da buhun hatsi guda suka shiga mota. Sauran hatsin da waken ta bar wa ƙanen mahaifinmu.

Muka kama hanya. Lokaci lokaci takan ce, "Ina muke?" in faɗa mata, ta gyaɗa kai. Da muka wuce gonarmu ban faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma ta sa hannu ta laluba gilashi ta ce in sauke mata shi.

Ana kiran magariba muka shiga Tasawa. Matata ta fito da sauri, ta leƙa bayan motar, ta dube ni. Na girgiza mata kai, ta gane. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta kama hannunta ta fito da ita.

"Inna, ga dokin ƙofa, ɗaga ƙafa. Nan bango ne, in kin bi shi zai kai ki ɗakinki."

Inna ta ɗora tafin hannu a bangon siminti, ta tsaya tana shafa shi, kafin ta fara takawa. Na sauke akwatin na bi bayansu.