Yadda Aka Matse Fuskar Babana

Hoto ɗaya tak babanmu ya bari a duniya, ɗan ƙarami irin na fasfo, wanda aka ɗauke shi lokacin rabon gonakin noman rani a gefen kanal ɗin Bunkure. Shi ba mai son hoto ba ne, dole ce ta sa ya tsaya. Bayan rasuwarsa sai Inna, mahaifiyarmu, ta naɗe hoton a leda ta ɓoye a ƙasan kwallarta. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, nakan gan ta ta kai shi kusa da hanci, ta nesanta shi, ta sake matso da shi, sannan ta mayar. Ni ce na ce zan kai shi garin Kura a ƙara masa girma, ta ga fuskar mijinta kafin idon ya tafi gaba ɗaya.

A lokacin ina koyarwa a firamare, kwamfuta kuma ta fara shigowa yankinmu. Akwai wani shagon kwamfuta a bakin titi, kusa da inda ake lodin kwandunan tumatir, inda wani matashi mai fara'a da daɗin baki yake aiki. Monitarsa, wato gilashin kwamfutar, 'yar gwanjo ce mai ƙatuwar ƙeya, ta tsufa har farinta ya koma ruwan ƙasa. Tun shigata abin bai kwanta mini ba. Duk abin da ke cikin gilashin a karkace yake. Mutane sun yi faɗi sun gajarce, hasken ya dushe, kusurwar sama kuma ta rine ta koma shunayya. In janareta ya yi nishi sai hoton ya tsuke, in ya sake sai ya kumbura. A saman monitar akwai rediyo tana ta zuba, mai ita kuma, wani dattijo da ake ce wa Alhaji, yana kishingiɗe a benci yana saurare.

Na ce da matashin, "Malam, wannan gilashin naka lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ya yi dariya. "Ƙalau yake, Malama. Ni na san halinsa. Ki dawo ranar kasuwa, sai kin rantse Baba ne zaune a gabanki."

Ranar kasuwa na dawo. Ya miƙo mini hoton a cikin firem yana washe baki, yana jiran yabo. Na duba, na sake dubawa. Babana mutum ne baƙi, mai faffaɗar fuska da tsage a kumatu, wanda ko kwandon tumatir ya ɗauka wuyansa a miƙe yake. Wannan na cikin firem kuwa siriri ne mai doguwar haɓa, fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Tsagen ya ɓace. Kansa ya langaɓe gefe guda, rabin goshinsa da hularsa sun yi kore-kore.

Na ce, "Uban wa ka ba ni?"

Ya karɓa ya duba, murmushin ya ragu. Sai ya juya ya buɗe hoton a kwamfuta. "Kin gani? Wallahi a nan daidai yake."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. A cikin wannan lalataccen gilashin ga babana nan sak, da faɗin fuskarsa, da baƙinsa, har tsagen ana ɗan hangowa. A nan na fahimci ta'asar da aka yi mini. Gilashin yana faɗaɗa mutum, shi kuma ya matse fuskar har ta yi masa daidai a ido. Gilashin ya dushe, ya yi ta ƙara haske. Gilashin ya karkace, ya karkatar da kan babana ɗaya gefen. Inda ya rine shunayya ya zuba kore. Maimakon ya gyara monitarsa, babana ya zauna ya gyara.

Alhaji ya fita alwala. Mai kwamfutar ya leƙa ƙofa, ya rage murya. Ya ce maɓallan daidaita faɗi da karkata sun mutu tun kafin ya sayo ta. Rinewar kuwa daga rediyo ce, akwai maganaɗisu a sifikarta, shi ke jan kalar.

Na ce, "Ashe ka sani?"

"Na sani mana."

"To me ya hana ka sauke ta?"

Ya kalle ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. "Haba Malama! Surukina ne fa, shagon ma nasa ne. Ya ce nan ne kaɗai take kama tasha sosai. Da wane baki zan ce ya ɗauke?"

Na san kunyar suruki, a cikinta na tashi. Mijina har yau ba ya cin abinci a gaban Inna. Amma ban taɓa jin inda aka ce a yi kunya da kayan wani ba. Shi ya ji nauyin surukinsa, mu kuma muka kwashi asarar. Na ce ya ba ni ɗan ƙaramin hotona in kai Kano a yi mini aikin kirki.

Sai ya kama sosa ƙeya. Da kyar maganar ta fito. Wai bayan ya cire hoton daga leda ya ɗauke shi a na'ura, sai ya ajiye a saman monitar, inda yake ajiye komai. Alhaji ya zo ya ɗora rediyonsa a kai. Wannan monita kuwa zafi take fitarwa ta sama kamar murhu, ga zafin bazara. Hoton ya manne a gindin rediyon, da ya zo ɓamɓarewa sai fuskar ta ƙi biyo takardar. Na ce to wanda ya fara ɗauka a kwamfuta fa, kafin ya taɓa shi? Ya ce ai a kan wannan ɗin ya yi aikin, ya adana, na farkon ya shafe.

Ban san lokacin da na fizgo rediyon na kifa ta ba. Ga shi nan a gindinta, ɗan dabbare-dabbaren fari da baƙi, da abin da ya yi kama da bakin hula. Ina sauke ta kuwa shunayyar ta fara ja da baya a gilashin, a gaban idonmu. Na ɗaga murya har masu lodin tumatir suka leƙo. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma har yau ban ga kalmar da zan janye ba.

Alhaji ya shigo da buta a hannu, ya karɓe rediyonsa, ya duba ko ta yi lahani. Da aka yi masa bayani sai ya ce, "Haba 'yar nan, duk a kan takarda? Mamaci addu'a yake so, ba hoto ba." Ya mayar da rediyon inda take. Surukin nasa ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka taru kowa haƙuri yake ba ni, babu wanda ya ce da su ba su kyauta ba.

Mun gwada gyarawa. Yana ja ina cewa ƙara, yana matsewa ina cewa ya isa, amma a wannan gilashin dai muke dubawa, kuma abin da haske ya riga ya cinye ba ya dawowa. Duk wanda aka wanko, wani baƙon ne daban. Na yi tunanin kawo Inna ta kalli gilashin da kanta, amma hasken fitila ma hawaye yake sa ta, balle wannan mai rawa.

Da la'asar na iso gida da firem ɗin. Inna ta fito bakin ƙofar ɗaki inda ya fi haske, ta goge hannuwanta a zane, ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Wannan karon tana gani, don hoton babba ne.

Ta ce, "Wannan bawan Allah ɗan ina ne?"



Ta miƙo mini. "Sun yi miki musanya. Gobe ki mayar musu da abinsu, masu shi na can na nema. Ni ba ni nawa ɗan ƙaramin, ko ban gani ba na san shi a hannu."

Ta buɗe tafin hannunta tana jira.